Aron Taya Kafin Gwajin Mota

Da sunan Allah nake farawa, wanda Ya hore wa ɗan Adam ƙarfe, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa.

Abin da ya zaunar da ni rubuta wannan, wasu samari ne biyu da suka tsaya a garejina da ke bayan Ƙofar Mazugal kwanakin baya. Ɗayansu ya zaro wata 'yar na'ura daga aljihu, ba ta fi akwatin ashana girma ba, ya soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ya dubi wayarsa, ya ce wai kanikanci ya ƙare. Yanzu mota da bakinta take faɗin inda ke mata ciwo, abin da ya rage mutum ya kalli bidiyo ya gyara abarsa. Na ce masa madalla. Na miƙa masa sifana, na nuna masa wani noti da tsatsa ta kama a ƙarƙashin motar da ke gabanmu, na ce ya taimaka ya kwance mini. Ya daɗe yana fama, ya fasa ɗan yatsa, notin ko gezau bai yi ba. Wayar kuwa ba ta ce uffan a kan wannan ba.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan wankin noti ne. Na sauke Alƙur'ani, hannuna ya faɗa da rubutun ajami, ina ganin kaina wani abu, sai mahaifina ya kai ni wajen Baba Iliya, wani dogon bakanike marar son magana. Baba Iliya ya ba ni kwano da kananzir da tsohon buroshi. Shekara guda cur ban taɓa inji ba. Da ya ga ina rubutu, sai ya ce in riƙa jera duk abin da aka kwance a kan tabarma daga dama zuwa hagu, kamar yadda nake yi a allo. In an zo mayarwa, a faro daga ƙarshen layi. Har yau haka nake yi, kuma duk wanda ya taka mini tabarma mun ɓata ke nan.

Birkin wata tasi shi ne aikin da ya fara sakar mini ni kaɗai. Na kwance, na wanke, na mayar, na ɗaure, sai na ga wani ɗan ƙaramin sifirin, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai taɓuwa ya dawo, ya rage a kan tabarma. Na duba dama, na duba hagu, na jefa shi aljihu. Ashe Baba Iliya yana can gefe yana kallona. Ya ce in shiga gaba mu gwada motar. Ya kama sitiyari, ya miƙe hanyar wani kududdufi da ke gangare a bayan unguwa, yana ƙara wuta, yana tambayata labarin mutanen gida. Da ruwan ya matso, sai ya ce, “Kafin in taka birki, babu abin da ke aljihunka?” Na zaro sifirin na ɗora masa a cinya. Ya sauke giya a hankali, ya juya, muka koma gareji. Ranar na koyi cewa masu ƙera mota ba sa saka abu don ado a cikin birki.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da halinsa. Jak munafuki ne, ba a shiga ƙarƙashin mota don ya yi alkawari, sai an tokare da kututture. Dogon sukudireba shi ne kunnen bakanike: ka ɗora bakinsa a kan inji, ka kara ƙotar a kunne, ka ji abin da ke kuka a ciki. Sifana mai lamba goma kuwa, na sayi irinta fiye da yadda na sayi hula a rayuwata, kuma har yau ban gano inda suke tafiya ba.

Motar wani likita ce ta buɗe mini shekarar wahala. Ya kawo ta tana shaƙewa, na ce kafireta ce, ya je ya sha shayi ya dawo. Na buɗe gaban mota, na nemi kafireta sama da ƙasa, babu ita, babu dalilinta. Ashe irin sababbin motocin nan ne masu ƙwaƙwalwa, waɗanda waya da lantarki ke ba su mai. Likita ya dawo ya tarar da ni tsaye riƙe da ƙugu, ya ja motarsa ya yi gaba. Cikin wata shida duk masu hali sun canza zuwa irinta, garejina ya koma wurin hutawar awaki. Shekarar nan janareto na gyara, da injin markaɗe, har da fitilar a-ci-bal-bal an taɓa kawo mini. Daga baya na ajiye girman kai, na je na zauna a gefen wani mai gyaran wayoyin mota da na girme wa nesa ba kusa ba, na koya. Allah Ya saka masa da alheri.

Yanzu yawancin aikina na masu shirin gwajin lafiyar mota ne. Mutum zai kai motarsa garejin kamfanin da ke sayar da irinta, inda ma'aikata ke sanye da fararen riguna kamar 'yan asibiti. A ba shi kujera mai laushi, a ɗaga motar sama, a fito masa da takarda mai shafi biyu. Ya karanta, ya ga yawan gyaran, ya nufo Ƙofar Mazugal. Ba ƙarya suke rubutawa ba, duk abin da suka ce akwai shi. Sai dai su so suke motar ta koma amarya, shi kuwa mai ita so yake ta wuce gwaji, ta kai shi gida lafiya. Don haka sai in sa a karanta mini, in ɗauki kwali in sake rubutawa da ajami, in kasa uku. Akwai farilla: birki, taya, fitila, sitiyari, hon, hayaƙi. Akwai sunna, kamar shokozoba da ta fara laushi. Akwai mustahabbi, kamar yagewar kujera. Farilla ba a ɗaga mata ƙafa. Sauran, sai yadda hali ya yi.

Takardar Malam Sabo abu goma sha bakwai ne a cikinta. Malam Sabo tela ne tun asali, kayan kanti suka kashe masa kasuwa, ya sayar da keke biyu daga cikin ukunsa, ya cika ya sayi wata tsohuwar mota mai dogon baya. Allah Ya taimake shi, wata makaranta a Ƙofar Na'isa ta ba shi aikin ɗauko malamai mata biyar da safe, ya mayar da su da yamma. Da wannan ake ɗora tukunya a gidansa. Sai shugabar makarantar ta ce masa ya kawo takardar lafiyar mota kafin a tashi ranar Juma'a, in ba haka ba akwai wani mai sabuwar bas da ke jira. An ba shi ranar Alhamis a wurin gwaji. Surukinsa ne ya kai motar kamfani, don a san abin da ke gabansu.

Na tace takardar, farilla huɗu na samu: tayoyin gaba sun suɗe kamar tafin hannu, fitilar hagu ta mutu, birkin hannu ba ya kamawa, tirafiketa, wato fitilar ba da hannu, ba ta ƙiftawa. Na ce ya kawo ta Litinin da safe. Malam Sabo ya naɗe kwalin ya sa a aljihu, ya ce kada in wahalar da kaina, ya kalli yadda ake yi a waya. Ya ce wanda ya yi shekara talatin yana gyara keken ɗinki, mota ba za ta gagare shi ba, ai duk ƙarfe ne da mai. Na ce Allah Ya ba da sa'a.

Daga ƙasan kwalin ya fara, wato daga mustahabbi. Kwana biyu ya yi a kan kekensa, ya ɗinka wa kujeru riguna na shadda ruwan toka, da aiki a wuya. Ya yi wa sitiyari riga, ya yi wa giya 'yar hula. Sannan ya waiwayi farilla. Birkin hannu ya ɗura masa man keke, wai ya bushe ne. Tayoyi ya goge su da man takalmi har suna ɗaukar ido. Da ya zo kan wayoyin tirafiketa, ya tarar da su sun tsinke, launi ya koɗe, sai ya haɗa su kamar yadda yake haɗa zare da yadi, wato wanda ya fi dacewa da ɗan'uwansa a ido. Da ya gama, in ya ba da hannun hagu sai hon ya ɗauka, in ya ba da na dama sai waifa ta hau sharar gilashi.

Ganin man takalmi bai tsirar da zane a taya ba, sai ya koma ga aro. Ku 'yan yanzu ba ku san wannan ba sosai. A lungunanmu, in gwaji ya matso, akwai kayan da ke zagaya unguwa kamar tukunyar biki: abin kashe gobara, da jan ƙarfen nan mai kusurwa uku, da tayar safaya. Kuma aron yana da ladabi biyu. Mai bayarwa ba ya tambayar dalili ko ranar mayarwa. Wanda aka ba aro jiya kuwa, ba ya hana aro yau.

Maƙwabcinsa katanga ɗaya shi ne Alhaji Uba, mai sayar da kayan yaji a kasuwa. Tare suka tashi, kuma motarsu iri ɗaya ce, a cikin wata ɗaya suka saye su. Ranar Litinin Malam Sabo ya yi masa sallama, aka gaisa, ya ce ko zai ɗan ara masa tayoyin gaba da fitilar hagu. Alhaji Uba ya ce ai nasa ne. Aka kwance, aka ɗaura wa motar Alhaji masu man takalmi da makauniyar fitila don kada ta zauna a ƙasa.

Abin da Malam Sabo bai sani ba, shi ma Alhaji Uba Alhamis ɗin nan aka ba shi, shi ma yana da tasa takardar kamfani a aljihu. Tasa farillar biyu ce: salansa ta fashe, madubin gefe ya karye. Taya da fitila kuwa lafiyarsu lau, har zuwa ranar Litinin. Bai faɗa ba, don kada maƙwabci ya ji nauyi. Ya ɗauka zuwa Laraba za a dawo masa da kayansa. Ranar Talata shi ma ya yi sallama, ya ce ko Malam Sabo zai ɗan ara masa salansa da madubi. Malam Sabo ya ce ai nasa ne, aka kwance, aka ɗaura wa motarsa fasasshiyar salansa da karyayyen madubi. Shi ma ya ɗauka zuwa Laraba za a dawo da su.

Laraba bayan la'asar na ji wani ruri daga bakin ƙofa, na zaci injin niƙa aka ɗauko a kura yana aiki. Sai ga Malam Sabo ya karyo kwana, hon yana ta ƙara don ya ba da hannun hagu. Ya fito yana murmushin dole, ya ce ya gama komai, 'yan ƙananan abubuwa ne suka rage, ko zan duba masa. Na warware wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na jera a tabarma, na mayar da kowace gidanta. Na wanke man keke daga birkin hannu, na ɗaure shi ya kama. Da na leƙa ƙasa na ga salansa da rami, har hannuna yana shiga, na tambaye shi ina tasa, don na san ta. Ya ce ta ɗan je unguwa. Na matsa, ya ba ni labari. Na ce ya je ya karɓo. Ya ce subhanallahi, da wane baki, mutumin da tayarsa ke ƙarƙashinsa? Alhaji mutum ne mai hankali, da safe zai kawo da kansa. Na ce to, zan raka shi wurin gwaji da akwatin kayan aikina, in an kawo sai in ɗaura.

Da safe muka biya ƙofar gidan Alhaji Uba, babu mota, sai ɗigon baƙin mai a inda take kwana. Malam Sabo ya ce ƙila ya kai salansar a wanke ne. Muka nufi wurin gwaji muna ruri, mutane suna toshe kunne. Muna shiga layi, sai ga motar Alhaji Uba a gabanmu, mota biyu tsakani, ido ɗaya, tayoyinta na ƙyalli.

Suka fito suka gaisa. Ban taɓa ganin gaisuwa mai tsawon wannan ba. An tambayi iyali, an tambayi kasuwa, an tambayi ciwon gwiwa, an koma kan iyali. Kowannensu yana satar kallon motar ɗan'uwansa kamar wanda ya ga rigarsa a jikin wani ranar idi. Alhaji Uba ya ce shi wucewa ya zo yi, ya ga layi ya ɗan tsaya. Malam Sabo ya ce shi ma ni ya kawo in ga wuri. Kowa kuwa da lambar layi a hannunsa.

Na lissafa a raina. In aka shiga a haka, duka biyun za su faɗi, kuma wanda ya faɗi sai wani satin. Tsakanin motocin nan biyu, lafiyar mota ɗaya ce cif. Na ja Alhaji Uba gindin wata darbejiya, na ce masa ya san abin da na sani. Ya yi dariya, ya ce ai da sauƙi: a haɗa komai a motar Sabo ta shiga ta fito, a kwance a mayar tasa, ita ma ta shiga, kowa ya tafi da takarda, gobe kowa ya karɓi kayansa.

Na ce masa abin kashe gobara ma ban cika son aronsa ba, balle taya. Motar nan 'ya'yan mutane take ɗauka. In aka ba ta takarda da tayarsa, gobe ta koma kan masu man takalmi, ranar da ruwa ya sauka ta zame, ni Allah zai tambaya, don ni na ɗaure. Na ce ba na ɗaure notin da za a kwance gobe. Sannan na yi abin da ba a yi, na faɗa masa maganar Juma'a, da mai sabuwar bas, da tukunyar gidan Malam Sabo.

Alhaji Uba ya juya ya bar ni nan. Ya taka zuwa inda Malam Sabo yake tsaye yana goge gilashin da ba shi da datti.

“Sabo, shekara arba'in ina jin tarinka ta katanga. Wannan maganar sai a bakin bakanike zan ji ta?”

“Alhaji, ai ka yi ɗawainiya.”

“Ɗawainiyar banza. Riƙe mini rigar nan.”

Ya tuɓe babbar riga ya miƙa masa. Ya juyo gare ni ya ce in zama shaida, tayoyin nan biyu da fitila ya bar wa Sabo duniya da lahira, ba aro ba ne. Salansa da madubi kuwa dama na mai su ne. Malam Sabo ya buɗe baki zai yi godiya, Alhaji ya ce ya rufe, ya je ya samo ruwan leda a zuba wa salansar ta huce.

Muka fitar da motocin daga layi zuwa gindin darbejiya, na shimfiɗa tabarma. Alhaji Uba ya kwanta a ƙasa da singileti yana tallafe da salansa, ni ina ɗaurewa, yana ta mita wai an ce masa ƙarfen ba shi da nauyi. Malam Sabo yana tsaye rungume da babbar riga, ya gano wani zare da ya warware a wuyanta, ya zaro allura daga hularsa ya hau gyara. Alhaji ya leƙo ya ce masa, “Kai dai ko a lahira aka ba ka aiki, daga kwalliya za ka fara.” Kafin azahar mun gama, muka koma ƙarshen layi.

Jami'in gwajin wani matashi ne mai natsuwa. Ya hau da motar kan na'ura, ya taka birki, ya ja na hannu, ya kunna fitilu, ya auna hayaƙi. Da ya kai hannu kan tirafiketa na ga Malam Sabo ya runtse ido yana motsa baki. Ta ƙifta hagu, ta ƙifta dama, hon bai ce komai ba. Jami'in ya shafa shaddar kujera ya ce ɗinkin ya yi kyau, sai dai babu gurbinsa a takarda. Ya buga hatimi. Washegari tun kafin a tashi Malam Sabo ya kai wa shugabar makaranta, aikinsa ya tsaya masa.

Motar Alhaji Uba kuwa ba ta shiga gwaji ba. Ni na ja ta zuwa gida a hankali, tana ruri da ido ɗaya. Na cire mata tayoyin nan don kada shaiɗan ya raya masa fita da su, na ɗora ta a kan duwatsu. Na rubuta masa nasa kwalin, farillarsa ta koma huɗu.

Ranar Litinin da safe Malam Sabo ya tayar da mota, sai ga Alhaji Uba a bakin ƙofa da kwanon abincinsa da dardumar salla. Ya buɗe gaba ya zauna, ya gyara madubi. Aka ɗauki malamai, aka kai su Ƙofar Na'isa, aka zagaya aka sauke shi a kasuwa. Da yamma aka koma aka ɗauko shi. Talata ma haka. Yau an fi wata takwas, kaji har sun yi ƙwai a ƙarƙashin motarsa. Malam Sabo ba shi da bakin tambaya, don haka ni na tambaya, ranar da muka haɗu a masallaci. Na ce, “Alhaji, yaushe za a sayi tayoyin nan ne?”

Ya dube ni yana saka takalmi, ya ce, “Wace taya kuma, Malam? Ina da taya. Kullum a kansu nake zuwa kasuwa.”